Labarin Dorugu da Tarihin Gidan Talaka

A Nassarawa ta Kano, unguwar da Turawan mulki suka keɓe wa kansu a da, akwai wani tsohon gidan ƙasa mai zane a bango, wanda kowa ya sani da sunan Gidan Ɗan Hausa. Yanzu an mai da shi ma'ajiyar kayan tarihi, 'yan makaranta da baƙi suna zuwa kallo. Wanda duk ya je, za a ba shi labarin mai gidan, watau Hanns Vischer, Baturen nan haifaffen Suwizalan, wanda ya buɗe makarantar boko ta farko ta Gwamnati a ƙasar Arewa a wannan wuri cikin 1909. Amma kaɗan ne suka san cewa cikin malaman da suka koyar a makarantar akwai wani tsoho Bahaushe, ɗan manomi, wanda ya riga Ɗan Hausa ƙetare Sahara da shekara 51, ya kuma taka birnin London tun ba a haifi Ɗan Hausa ba. Sunansa Dorugu. A nan Nassarawa ya rasu cikin 1912.

Wannan tsoho ya bar labarin rayuwarsa da Hausa, yana kuwa cikin mafiya daɗewar labaran da wani Bahaushe ya bayar game da kansa aka buga su da boko. Littafi irin wannan ya cancanci a zauna a auna shi, a ga abin da ya ƙunsa na kirki, a ga kuma inda ya gaza da dalilin gazawar. Gama abin da ya sami labarin Dorugu shi ne ya ke samun tarihin gidajen talakawa da yawa har wa yau.

Wane ne Dorugu

An haifi Dorugu wajen 1840 a wani ƙauye wai shi Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram, wadda ta ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Ubansa manomi ne, kuma makaɗi. Zamanin kuwa zamanin hari ne, talaka yana shuka bai tabbata shi zai girbe ba. Aka fara kama uwarsa. Daga baya shi ma aka kama shi yana ɗan shekara goma sha kaɗan, aka kai shi Zinder, aka raba shi da ubansa, aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno a zamanin Shehu Umar. Can ya faɗa hannun wani Balarabe.

A lokacin nan akwai Jamusawa biyu a Barno waɗanda Gwamnatin Ingila ta aiko binciken ƙasa. Su uku suka taso daga Tarabulus cikin 1850, amma shugabansu James Richardson ya mutu a hanya cikin 1851, saura Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, da Adolf Overweg. Dorugu ya shiga yi wa Overweg kiwon raƙuma, har Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi. Haka kuma ya yi wa wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a bakin Tafkin Cadi cikin Satumba 1852, sai yaran nan biyu suka koma hannun Abdulkarim.

Cikin Nuwamba na wannan shekara suka tashi daga Kukawa, suka bi ta Zinder da Katsina, suka isa Wurno da Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka wuce Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka shiga Tambutu cikin Satumba 1853. Suka yi watanni a can ƙarƙashin amanar Shaihu Ahmadu Albakka'i, kāna suka juyo cikin 1854, suka biyo ta Kano suka koma Kukawa. Cikin 1855 suka hau Sahara ta Bilma da Murzuk har Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka ratsa Faransa, suka sauka London cikin Satumba. Daga nan Abdulkarim ya tafi da su garinsu Hambug, suka ga wasu biranen Jamus, aka komo da su Ingila.

A Ingila akwai wani limamin mishan, shi ma asalinsa Bajamushe ne, sunansa James Frederick Schön, yana zaune a Catam cikin lardin Kent. Ya taɓa bin jirgin da ya hau Kwara cikin 1841, ya koyi ɗan abin da ya koya na Hausa daga bakin 'yantattun bayi, amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Da ya ji akwai yaro Bahaushe a Ingila sai ya ga ya yi tsintuwa. Abdulkarim ya yi nufin mai da yaran gida, Schön kuwa ya riƙe su a wurinsa, har abin ya jawo saɓani tsakanin mutanen biyu. Aka yi wa yaran baftisma, aka ƙara wa Dorugu sunan James Henry. Abbega ya koma Afirka cikin 1857, Dorugu bai koma ba sai 1864.

A gidan Schön ne, cikin 1856, Dorugu ya zauna yana faɗi, Schön yana rubutawa. Labarin bai fito cikakke ba sai cikin 1885, a wani littafi mai suna Magana Hausa, wanda aka buga a London, aka haɗa shi da tatsuniyoyi da wasu labarai.

Abin Yabo

Abu na farko da za a yaba shi ne, wannan tarihin gidan talaka ne daga bakin ɗan gidan. Mai karatu ya ɗauki Tarihin Kano, wanda aka buga da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Zai tarar da sarakuna 48, tun daga Bagauda har Muhammadu Bello, kowanne da sunan ubansa da na uwarsa da yawan shekarun sarautarsa. Talakawa kuwa ba su fitowa sai a dunƙule: an ci gari kaza, an kamo bayi kaza. Wannan ba laifin marubucin ba ne, don tarihin sarauta ya nufa. Amma kowane ɗaya daga cikin bayin nan da aka ƙidaya yana da uwa da uba, yana da gona da ƙanne, yana da sunan da a ke kiransa da shi a tsakar gida. Dorugu yana ɗaya daga cikin irin waɗannan da a ke ƙidayawa, sai ga shi ya buɗe baki. Ya fara da garinsu, ya faɗi sunan ubansa da na uwarsa da na ƙannensa, ya faɗi sana'ar gidansu, ya kuma faɗi yadda gidan ya watse ɗaya bayan ɗaya. Ba don shi ba, da babu mai ambaton Dambanas a wani littafi, balle mutanen wannan gida.

Waɗanda suka karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito cikin 1934, sun san labarin yaron da aka sace aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa tana biye tana nema. Wancan ƙagaggen labari ne, mai shi ya tsara shi yadda zai taɓa zuciya, ya kuwa taɓa. Na Dorugu ba a tsara shi ba. Yaro ne ya ke faɗin abin da ya same shi shekara biyar ko shida da suka wuce, ba ya tsayawa kuka, ba ya tsayawa wa'azi. Ya faɗi an kama, an sayar, an wuce, ya ci gaba. Wannan rashin ado shi ya ba labarin nauyi, domin mai karatu ya san ba don a ba shi tausayi aka shirya maganar ba.

Har wa yau akwai abin lura a nan. Gidaje da yawa sukan ɓoye cewa kakansu ya taɓa shiga bauta, sai su yanke tarihinsu daga inda abin ya fara yi musu daɗin faɗi. Dorugu bai ɓoye ba. Ya faɗi bautarsa kamar yadda mutum zai faɗi cewa ruwa ya taɓa cinye masa gona. Kunyar tana ga wanda ya kama ɗan mutane ya sayar.

Abu na biyu shi ne idon yaron. Abdulkarim ya rubuta tafiyarsa cikin manyan littattafai biyar waɗanda suka fito a 1857 da 1858, ya bayyana kasuwar Kano da marinarta da fataucinta, masana suna amfani da su har gobe. A cikinsu akwai hoton Abbega da Dorugu, an kuma ambace su nan da can, kamar yadda maigida ya kan ambaci barorinsa. Labarin Dorugu ya juya madubin. Tafiyar ɗaya ce, amma wannan karon daga bayan raƙuma a ke ganinta, wurin masu ɗaura kaya da masu dafa abinci. Da aka isa Turai kuma sai mai kallo ya zama abin kallo. Dorugu ya lura da yawan shan tabar Jamusawa. Ya tsaya ya bayyana yadda manyan Ingilishi su ke cin abincin dare in sun yi baƙi, yadda a ke zama maza da mata a teburi ɗaya, yadda a ke kawo abinci kashi kashi, da irin suturar matansu. Yana bayaninsa ne kamar yadda bafatake zai ba mutanen gida labarin al'adun Gwanja, bai ruɗe ba, bai kuma raina ba. Littattafan da Turawa suka rubuta a kan Hausawa a wancan ƙarni suna da dama, amma wanda Bahaushe ya ba da labarin Turawa a ƙasarsu, da wuya a sami na biyunsa.

Abu na uku shi ne harshen. Hausar Damagaram ce ta shekara 170 da suka wuce, daga bakin wanda bai yi zurfi a karatun allo ba, bai kuma zauna a fada ba. Rubutun Hausa na wancan zamani yawancinsa waƙoƙin malamai ne da ajami, cike da Larabci. Maganar talaka ta yau da kullum, irin wadda a ke yi a gona da bakin rijiya, ba a cika rubuta ta ba. Saboda haka masu nazarin harshe su ke daraja wannan labari ƙwarai. Schön kansa a kan bakin Dorugu ya dogara da yawa sa'ad da ya rubuta nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876, har aka ba shi lambar girma a Faransa, Jami'ar Okisfod kuma ta ba shi digirin girmamawa.

Inda Ya Gaza

To, amma zanen aro ba ya rufe katara. Bakin na Dorugu ne, alƙalamin na wani ne, mai alƙalami kuwa yana da tasa bukata. Schön kalmomi ya ke nema da yadda a ke jera su, don ya rubuta nahawu ya kuma juya littattafan addininsa zuwa Hausa. Tarihin wani gida a Dambanas bai dame shi ba sai gwargwadon Hausar da zai samu a ciki. Don haka labarin gida ya ɗauki shafi kaɗan, tafiya ta cinye sauran. Da ɗan'uwa ne ya ke riƙe da alƙalamin, da ya tsai da yaron ya ce, dakata, daga ina kakanninku suka zo Dambanas? Kiɗan nan gado ne ko haye? Su wa kuke aure da su, a waɗanne garuruwa danginku su ke? Waɗannan su ne tambayoyin da a ke gina tarihin gida da su. Sa'an nan kuma yaro ɗan shekara goma sha shida, baƙo a ƙasar sanyi, wanda ci da shansa da suturarsa duk suna hannun mai rubutun, ba kome zai faɗa ba. Wajibi ne mai karatu ya riƙa tuna wannan duk inda ya ga an yabi masu masauki.

Gazawa ta biyu ta rubutu ce. Kunnen Schön bai rarrabe tsakanin k da ƙ ba, ko d da ɗ, ko b da ɓ. A wurinsa kafa da ƙafa ɗaya ne, bari da ɓari ɗaya ne. Ya kuma yi amfani da waɗansu haruffa masu alamomi a bisa waɗanda ba a koyar da su a ajin yaƙi da jahilci. Haruffa masu lanƙwasa da a ke rubutu da su yanzu ba su shigo ba sai cikin shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya. Ko sunan mai labarin ma bai tsira ba, gama Abdulkarim Dyrregu ya rubuta. Saboda haka Bahaushen da ya sami bugun 1885, ko wanda C. H. Robinson ya gyara ya sāke bugawa cikin 1906, sai ya riƙa karantawa da ƙarfi yana cankar abin da a ke nufi. Littafin dai don Turawa masu koyon Hausa aka yi shi. Ko da A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka tono shi suka fitar da shi da kyakkyawan sharhi cikin 1971, a Jami'ar Yel ta Amurka aka buga, da fassarar Turanci, don masana. Labarin ya fi shekara ɗari yana yawo tsakanin ɗakunan karatu na ƙasashen waje, mutanen Kance da na Kano ba su ji shi ba.

Gazawa ta uku ita ce babba. Labarin ya tsaya cikin 1856, mai shi yana yaro a Ingila. Bayan wannan Dorugu ya rayu shekara 56. Ya ƙara shekara takwas a Kent, ya koyi karatu da rubutu. Ya komo ya yi aikin tafinta. Ya ga ƙasar da ya bari a hannun sarakuna ta koma hannun Turawan da ya san gidajensu ciki da bai. Ya ga an ci Kano cikin 1903, ya ga jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, ya zauna yana koya wa 'ya'yan sarakuna da malamai haruffan boko, shi da aka taɓa sayarwa a kasuwa. Duk wannan babu ko layi ɗaya a cikin littafin. Abin da ɗan gida zai fi son ji, watau yadda mutum ya komo, da wanda ya tarar, da gidan da shi kuma ya kafa, littafin ya rufe kafin a kai nan. Dalili kuwa a fili ya ke: mai alƙalami ya sami abin da ya ke so, ya ajiye alƙalaminsa. Ko labarin rasuwar tsohon ma daga alƙalamin wata baƙuwa aka samo shi, watau Isabelle Vischer, matar Ɗan Hausa, cikin littafinta na Faransanci wanda ya fito a 1917. Farkon rayuwarsa Bajamushe ya rubuta, ƙarshenta Baturiya ta rubuta, tsakiyar ta zube.

Abbega da Jikansa

In an duba abokin tafiyarsa sai abin ya ƙara fitowa sarai. Abbega bai bar littafi ba. Amma ya zauna a Lakwaja, mahaɗar Kwara da Binuwai, ya yi iyali, har ya zama sarkin garin cikin 1896, zamanin Kamfanin Neja. 'Yarsa ta haifi ɗa cikin 1874, wanda ya tashi a Lakwaja wurin kakansa, aka san shi da Maimaina. Shi ma ya yi wa Turawa aiki, ya zama tafinta a lokacin da su ke cin ƙasar Arewa, ya bi su har Barno, daga baya ya zama Sarkin Askira, a ƙasar Margi inda aka kamo kakansa. Da ya tsufa sai ya ba da tarihinsa, Hukumar NORLA ta Zariya ta buga shi cikin 1958 da sunan Labarin Maimaina na Jega, Sarkin Askira. Ya rasu cikin 1964.

Wajen daɗin karatu, na Dorugu ya fi. Maimaina mutumin hukuma ne, hankalinsa yana kan aiki da yaƙi da sarauta, yana kuma faɗin abin da ya ke so a tuna da shi a kai, kamar yadda kowane dattijo mai muƙami zai yi. Babu idon yaro mai mamakin duniya a ciki. Amma ya fi na Dorugu da abu biyu. Na ɗaya, mai shi ne ya zaɓi inda zai fara da inda zai tsaya, ya kai labarin har tsufansa. Na biyu, a Zariya aka buga shi, da Hausar da mutane ke iya karantawa, don mutanen ƙasar. Ta dalilinsa ne tarihin gidan Abbega ya miƙe tsara uku ba yankewa, daga saurayin da aka kama a ƙasar Margi har jikan da ya koma can yana sarki. Mutum biyu sun yi tafiya ɗaya, sun sha wuya ɗaya. Na ɗaya ya fi iya ba da labari, amma na biyu ne aka san yadda gidansa ya ƙare, domin an sami mai riƙe zaren daga cikin gida.

'Yan Ƙwadagon Ingila

Kada a zaci talakan ƙasar Hausa kaɗai ne wuya ta fitar daga garinsu a wancan zamani. A lardin Kent ɗin nan da Dorugu ya zauna, shekara 26 kafin zuwansa, watau cikin 1830, 'yan ƙwadagon gona suka tashi suna farfasa injunan casar alkama, don injin ya hana su aikin da su ke ci da shi lokacin sanyi. Tarzomar ta bazu kudancin Ingila, aka rataye waɗansu, aka kwashe kusan 500 aka kai su Ostareliya aikin horo.

Wanda ya fi shahara cikin irin waɗannan mutane shi ne George Loveless, ɗan ƙwadago a ƙauyen Tolfudul cikin lardin Doset. An rage musu lada har ya koma sule bakwai a mako, ana kuma shirin mai da shi shida. Shi da abokansa suka kafa ƙungiya, sai aka kama su su shida cikin 1834, aka yanke musu shekara bakwai a ƙetaren teku. Aka kai Loveless tsibirin da a ke kira Tasmaniya yanzu. Jama'a suka yi ta kuka har aka yafe musu cikin 1836. Ya komo cikin 1837, ya rubuta abin da ya same shi da hannunsa aka buga. Daga baya ya kwashi iyalinsa ya yi ƙaura zuwa Kanada, ya yi noma a lardin Ontariyo, can ya rasu cikin 1874.

Loveless bai fi uban Dorugu gata ba wajen dukiya. Amma duk wanda ya ke so ya bi sawun gidansa yau zai iya, domin takarda ta bi shi ko'ina. Tun 1538 aka umurci coci-cocin Ingila su riƙa rubuta baftismar jarirai da aure da jana'iza. Cikin 1837 Gwamnati ta kafa rajistar haihuwa da mutuwa. Daga ƙidayar 1841 aka fara rubuta sunan kowane mutum gida gida. Ga takardun kotu, ga na jiragen ruwa. Saboda haka jikokin 'yan ƙwadagon nan da ke Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan sukan zauna su tono sunan kakan kakansu da ƙauyensa da ranar da ya shiga jirgi. Ɗan Dambanas ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da ya faɗa a ɗakin Schön shi ke nan abin da ya rage na gidansu. Wannan ya ƙara wa labarin daraja, ya kuma ƙara zafin tsayawarsa a rabin hanya.

Abin Da Ya Rage Ga Mai Karatu

Hausawa matafiya ne tun fil azal. Akwai zuriyar fataken goro a Salaga da Kumasi. Akwai waɗanda suka nufi Makka a ƙasa suka zauna a Sudan, har da garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Akwai 'yan cin rani da suka tafi Kurmi da niyyar wata uku suka shekara talatin. Da wuya a sami gidan da ba shi da nasa Dorugu, wani kawu ko kaka da ya fita, a ke ambatonsa da daddare. Muddin tsofaffi suna raye labarin yana nan. Ran da aka binne tsohuwar ƙarshe da ta san sunan garin da aka taso, an binne shi tare da ita.

Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya sami abin da uban Dorugu bai samu ba, ya kuma sami abin da Dorugu kansa bai samu ba a ran da ya ke ba da labarinsa, watau alƙalami a hannunsa. Ba sai ya jira baƙo ya zo daga wata ƙasa da tasa bukata ba. Littafin rubutu ɗaya ya isa. Ya zauna da dattijon gidansu da tsohuwar gidansu, kowanne dabam, gama abin da maza suka manta mata sukan riƙe. Ya rubuta sunan uba da uwa da kakanni huɗu, da garin da aka haifi kowanne, da sana'arsa. In ba a san shekara ba, sai a ɗaura ta a jikin abin da kowa ya sani, kamar zamanin sarki wane, ko shekarar da jirgi ya iso Kano, ko yunwar Kakalaba ta 1914. Ya rubuta wanda ya fita, da dalilin fitarsa, da inda aka ji ɗuriyarsa ta ƙarshe. Kada ya tsallake abin da ba shi da daɗin ji, ko bauta ce, ko yunwa, ko gudun haraji, domin tarihin da aka tace ba ya amfanin jikoki. In boko ya yi masa nauyi ya rubuta da ajami, duk ɗaya ne. In ya gama ya bar shafuffuka farare a baya, ya gaya wa 'ya'yansa na wane ne.

Labarin Dorugu dai labari ne mai kyau wanda aka yanke shi bai nuna ba. Ya kamata hukumomin ɗab'i su fitar da shi da rubutun Hausa na yanzu, a farashin da talaka zai iya saye, a karanta shi a makarantu tare da na Maimaina, ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma ya je Gidan Ɗan Hausa kallo, in an gama ba shi labarin mai gidan, ya tambaya a ba shi na tsohon malamin nan ɗan Dambanas.